Zaren da ke cikin fata: yadda ake ganin jijiyoyin ji, a kuma auna su

Kawuna maɗinkin hannu ne a cikin birnin Zariya. Ya fi shekara 40 yana zama a zaure yana zuba aiki a gaban babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma har yau idonsa bai gaza ba. Ƙafa ce ta fara kawo masa cikas. 'Yan shekaru bayan an gano yana da ciwon sukari, sai ya zamana da ya yi sallar isha'i ya kwanta, tafin ƙafarsa ya ɗau zafi kamar ya taka garwashi. Yakan tashi tsakar dare ya ɗebo ruwan randa a bokiti ya tsoma ƙafafun. Ko gefen mayafi ne ya shafi yatsun, ji yake kamar an goga masa barkono. Muka kai shi asibiti, aka yi masa gwajin jijiya da na'urar nan mai ɗan fizgar mutum da lantarki, takarda ta fito cewa komai lafiya lau. Da muka fito ya dube ni ya ce, "To ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini. Ni nake ƙarya ko na'urar?"

Babu mai ƙarya a cikinsu. Na'urar ta auna abin da aka ƙera ta dominsa, ciwon Kawu kuwa yana can inda hannunta ba ya kai. Kafin a gane haka sai an warware kalmar jijiya, don mu da Hausa suna ɗaya muke kiran hanyar jini da hanyar saƙo. Wadda nas ke lalube a bayan hannu in za a yi ƙarin ruwa, ta jini ce. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai ɗaukar labari daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, labarin zafi da sanyi da suka da ƙaiƙayi da taɓi. Mu kira ta jijiyar ji.

Jijiyoyin ji ba kaurinsu ɗaya ba. Akwai manya da aka naɗe da wani rufi mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar wuta. Su ke kai labarin taɓi da girgiza da inda gaɓa take, da gudun da kan wuce mita 50 a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma sirara, wasu da ɗan rufi kaɗan, wasu tsirara. Kaurin tsirarun nan wajen maikiromita 1 ne, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, silin gashi ɗaya ya ninka su sau 50 ko fiye, kuma saƙonsu ba ya wuce mita 2 a daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da dutse ya san wannan ba tare da an koya masa ba: da farko suka ce mai kaifi, sai bayan ɗan jim zugi ya biyo baya ya zauna. Ta farko masu ɗan rufi ne suka kawo ta, na biyu tsirarun. Gwajin lantarkin da aka yi wa Kawu muryar manyan kaɗai yake ji. Sirarun za su iya lalacewa sarai, takarda ta ci gaba da cewa lafiya.

Me ya sa ƙafa take farawa? Kowane zare ɗaya hannu ne na ƙwayar halitta guda da ke zaune a gefen ƙashin baya. Daga ƙugu zuwa babban yatsan ƙafa tafiyar kusan mita guda ce, kuma duk abin da bakin zaren yake buƙata daga can tushe ake turo masa. Gidan da ke ƙarshen layin famfo shi ruwa ke fara yanke wa. Shi ya sa ciwon kan soma daga yatsu, a ƙafafu biyun tare, ya yi ta hawa kamar ana jan safa, in ya kusa gwiwa sai yatsun hannu su ɗauka.

Inda sirarun nan suke ƙarewa shi ne fata, kuma majema sun san tsarinta tun kafin likitoci su ba ta sunaye. Idan aka jiƙa fatar akuya da toka aka kankare, gashi yakan tafi tare da wani siririn ɓawo na sama. Abin da ya rage, mai ƙarfin nan da ake jemewa da bagaruwa, shi ne fatar ciki. Ɗaliban cibiyar nazarin fata da ke Samaru da wannan suke fara karatu. Fatar mutum ma haka take. Ɓawon sama a yawancin jiki kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Jijiyoyin ji suna taruwa a ƙarƙashinsa kamar saiwa, sannan su huda iyakar da ke tsakanin fatun biyu, su miƙe sama tsakanin ƙwayoyin ɓawon, su yi rassa har kusa da inda iska ke bugawa.

Wanda ya fara zana su ɗalibin likitanci ne a Barlin ta ƙasar Jamus, Paul Langerhans, a 1868, da wani rini da aka haɗa da zinariya. Shi ne dai a shekarar da ta biyo baya ya gano wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta a cikin gaɓar da ke bayan tumbi, waɗanda daga baya aka tabbatar su ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Mutum ɗaya ya ga mafarin ciwon Kawu da kuma inda ciwon ya je ya ɓulla. Amma rinin zinariya ba shi da tabbas, yau ya kama gobe ya ƙi, har aka shafe fiye da shekara 100 ana gardamar ko akwai jijiyoyi da yawa a ɓawon fatar mutum. Sai a farkon shekarun 1990 magana ta ƙare, da aka fara amfani da wani furotin mai suna PGP 9.5 wanda ke cike a cikin kowane zaren jijiya. Aka samar da sinadarin da ke bin wannan furotin ya manne masa, aka rataya wa sinadarin launi. Ka ɗauka marini ne ya samu baban da ba ya kama komai a jikin ƙyalle sai zare iri ɗaya tak. Masana a cibiyar Karolinska ta Suwidin, da William Kennedy a Jami'ar Minnesota, da ayarin Justin McArthur da John Griffin a Johns Hopkins, su suka ɗora wannan hanya a kan turba har ta zama gwajin asibiti.

Ga yadda ake yin sa. Ana auna santimita 10 sama da idon sawu ta waje, a yi allurar kashe zafi, a sa wani ɗan bututu mai kaifi a murza, a ciro ɗan gutsuren fata mai faɗin milimita 3, bai kai ƙwayar wake ba. Yawanci ko ɗinki ba a yi, filasta ta wadatar. Wannan sauƙi ne babba, domin a da in ana son ganin jijiya sai an tsaga ƙafa an yanko guntun jijiya sukutum, gefen ƙafar ya mutu har abada. Gutsuren ana tsoma shi a ruwan magani mai sanyi, a daskarar da shi, a yayyanka shi tsaye siri-siri, kowane yanki maikiromita 50. A rina, a ɗora a madubin likita, mutum ya zauna ya ƙirga zare nawa ne suka tsallaka iyaka suka shiga ɓawon sama, a raba da tsawon fatar da aka duba. Sakamakon lamba ɗaya ce: zare kaza a kowace milimita. Ƙa'idar da likitocin jijiya na Turai suka fitar a 2005, suka sabunta a 2010, ta ce a ƙirga aƙalla yanki uku, kuma wanda ya tsallaka iyaka kaɗai ake ƙirgawa. Rassan da ya yi bayan ya shiga ba sa cikin lissafi.

Wannan gwaji ya share wa mutane da yawa hawaye, kuma ba na raina shi. Wanda aka daɗe ana ce wa tunani ne ke damunsa, ko sammu aka yi masa, an nuna masa hoton fatarsa fayau babu zare. Amma mu yi lissafi. Milimita 3 maikiromita 3,000 ce. A raba da 50, yanki 60 ke nan. Uku ake dubawa, kashi 5 cikin 100. Manomin da ke da kunya 60 ya ƙirga tsiron kunya uku ya ce ya san gonarsa, in shuka ta fito daidai ko'ina, bai yi nisa da gaskiya ba. In kuwa gara ta ci wani gefe ta bar wani, amsarsa ta dogara ga kunyar da ƙafarsa ta kai shi. Kuma an lura cewa a fatar masu ciwon sukari zaren da suka rage sukan taru gungu-gungu, su bar fili a tsakani.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma sana'ar Kawu ce ta sa na fahimce ta. Ɗauki babbar riga mai aska takwas, ka sa almakashi ka yayyanka gabanta tsiri-tsiri, ka miƙa wa mutum tsiri uku ka ce ya gaya maka aikin da ke jiki. Zai iya ƙirga bakin zaren da ya gani. Ba zai iya ce maka ga inda aska ta faro ga inda ta ƙare ba, ko zaren nan da wancan ɗaya ne da ya lanƙwasa ya dawo, ko tambarin ya cika da'ira. Jijiya a cikin fata ba a miƙe take kamar sanda ba. Tana karkata, tana rabuwa, tana fita daga wannan yanki ta faɗa na gaba. Wuƙa ta datse ta, mai ƙirga yana ganin guntaye. Fata biyu za su iya ba da lamba ɗaya, alhali a ɗaya kowane zare ya yi rassa ya baza inuwa kamar rimi, a ɗayar kuwa kututture ne kawai suka rage.

Daga nan tunanin hoto mai tsawo da faɗi da zurfi ya taso, wanda ake ce wa 3D. Maimakon a yanka riga, a dube ta ɗungurungum. Sai dai fata ba gilashi ba ce, haske ba ya ratsa ta. Dalilin ba launi kaɗai ba ne. Nama cakuɗe yake da ruwa da maiƙo da furotin, kuma kowannensu yana lanƙwasa haske da nasa gwargwado: ma'aunin ruwa 1.33 ne, na furotin ya haura 1.5. Duk inda haske ya fita daga wannan ya shiga wancan sai ya karkace, kafin ya yi tafiyar rabin milimita ya watse ko'ina. Fatar ciki kuwa, da yake cunkushe take da igiyoyin kolajin, waɗanda su ne ƙarfin ƙirgi, ta fi yawancin nama taurin kai a wannan fanni.

Maganin abin yana hannun duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a takarda. Takarda fara ce, ba a ganin bayanta, saboda zarurrukanta iska ce a tsakaninsu. Da mai ya jiƙa ta ya kori iskar, sai wurin ya yi garau har ka karanta rubutun da ke ɗaya gefen, domin mai da zaren takarda kusan gwargwado ɗaya suke lanƙwasa haske. Abin da ake yi wa nama ke nan. Wani masanin sassan jiki a Leipzig, Werner Spalteholz, ya yi haka fiye da shekara 100 da suka wuce da wasu mayuka masu ƙamshi, har gaɓoɓi suka koma kamar an zuba su a kwalba. Hanyarsa tana da zafi, tana ɓata ƙananan abubuwa. Sabon yayin ya zo ne da hanyoyi irin su CLARITY daga Jami'ar Stanford a 2013, da CUBIC daga Japan da iDISCO daga Jami'ar Rockefeller a 2014. An fara su ne a kan ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin ɓera, daga baya aka juyo da su kan naman mutum, har da fata.

A hanyar iDISCO, alal misali, ana tsotse ruwan naman da giyar sinadari mataki-mataki, a kashe launinsa da ruwan haidurojin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, a jiƙa shi cikin rinin jijiya na kwanaki, wani lokaci makonni, don rinin ya ratsa har tsakiya. Sannan a narkar da maiƙon, a tsoma gutsuren a wani ruwa mai ma'auni 1.56. In aiki ya yi kyau, ka ɗaga kwalbar ka nemi fatar ka rasa, sai ɗan alamar rawaya. Rinin kuwa irin mai ƙyalli ne, ba ya nuna kansa sai an haska masa leza, wato wani tsinin haske mai ƙarfi mai launi ɗaya.

Madubi iri biyu ake amfani da su. Na farko shi ne konfokal, wanda Marvin Minsky ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1957. Yana haska ɗigo ɗaya a lokaci guda, kuma akwai wata 'yar ƙaramar huda da ke tare duk hasken da ya zo daga sama ko ƙasan wannan ɗigo. Yana bi ɗigo-ɗigo har ya gama hawa ɗaya, ya ɗan nutsa ya sake. Hotonsa tar yake, amma yana cin lokaci, kuma yawan haskawa yana kashe ƙyallin rinin. Na biyu ya fi burge ni. Ka tuna zaure mai duhu da hantsi, rana ta shigo ta tsagar ƙofa ta yi shimfiɗa siririya kamar faifai, ka ga ƙura tana yawo a cikinta kaɗai, sauran zauren shiru. Haka wannan madubi yake yi: ana shigo da leza ta gefe a shimfiɗe, kamara tana kallo daga sama, ta ɗauki hawa guda a ƙyaftawa ɗaya. A matsa kaɗan a sake ɗauka, har ɗaruruwa ko dubbai. Jan Huisken da Ernst Stelzer ne suka fito da sigarsa ta zamani a Heidelberg a 2004. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ko da yake a wajen zare mafi siranta konfokal yakan fi shi ido. Haske ya karɓi aikin wuƙa, naman kuma yana nan bai tsage ba.

Kwamfuta ce ke jera hotunan nan ɗaya bisa ɗaya su zama gini guda da za ka juya shi ta ko'ina, ka leƙa ta ƙasa, ka bi zare ɗaya daga saiwa har bakinsa. Sai aikin awo. Ana bin kowane zare a zana masa layi a tsakiya, ko da hannu ko da manhaja, wasu na kuɗi kamar Imaris, wasu kyauta kamar ImageJ. Daga zanen ake fitar da jimillar tsawon zare a cikin adadin naman da aka duba, da yawan mararraba, da nisan da kowane reshe ya kai, da yadda zaren suka rarrabu a fili, da yawan kumburin da ke fitowa a jikinsu kamar 'ya'yan carbi. Kumburin nan abin lura ne, domin an ga yakan bayyana tun yawan zaren bai faɗi ba, kamar yadda ganye ke yin rawaya kafin reshe ya bushe.

Kuma ba ɓawon sama kaɗai ake gani ba. Can cikin fatar ciki akwai buhunan gumi, kowanne a murɗe, jijiyoyi sun naɗe shi kamar zare a mazari. Yanki ɗaya siriri gefensa kawai yake gutsura, hoto mai zurfi kuwa yana nuna shi ɗungum. Idan waɗannan jijiyoyi suka mutu ƙafa takan daina gumi, ta bushe, ta yi kaushi da faso. Mu nan da hunturu ya kama kowa dunduniyarsa tsagewa take, shi ya sa ba ma ɗaukar abin a bakin komai. A ƙafar mai ciwon sukari kuwa, fason nan ƙofa ce da gyambo ke shigowa.

Duk da haka kada a ɗauka hoton da ya yi kyau a ido shi ne gaskiya. Tsotse ruwa yana sa nama ya motse, wasu hanyoyin kuma kumbura shi suke, to tsawon da aka auna na wace fata ce, ta jikin mutum ko ta cikin kwalba? Sai an auna gutsuren kafin da bayan a gyara lissafi. In rini bai ratsa tsakiya ba, wurin zai fito wayam kamar jijiya ta mutu, alhali tana nan. Kolajin yana da nasa ƙyallin da ke rikita kamara. Manhaja takan haɗe zare biyu da suka gitta juna ta ce ɗaya ne. Hoton gutsure guda yakan cinye gigabait masu yawa. Saboda irin waɗannan, har yanzu hoto mai zurfi kayan ɗakin bincike ne, ƙirgen yanki uku shi ne abin da likita ke yanke hukunci da shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Melanin, sinadarin da ya ba fatarmu launinta, ya fi taruwa ne a hawan ƙasa na ɓawon sama, daidai bakin iyakar da ake ƙirga zaren da suka tsallaka. Aikinsa shan haske ne. Yana shan lezar da ke shiga, yana shan ƙyallin da ke fitowa. Wanke maiƙo ba ya taɓa shi, sai an ƙara ƙarfin ruwan kashe launi, shi kuma in ya yi yawa yakan lalata wurin da rini zai kama. Hanyar da aka daidaita a kan farar fata ba dole ba ne ta yi aiki daidai a kan tamu. An taɓa ganin irin haka: a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata. Manhajar da ke koyon gane jijiya daga hotunan da aka nuna mata, ita ma abin da ta saba gani shi za ta iya.

Sannan mudu. In aka ce maka zare 5 a milimita, da yawa ne ko kaɗan? Sai an san na mai lafiya. Babban ma'aunin da ake dogara da shi ya fito a 2010 ƙarƙashin jagorancin Giuseppe Lauria na Milan, daga mutum 550 masu lafiya a ɗakunan gwaji takwas na Turai da Amurka da Asiya. Ya nuna yawan zaren yana raguwa da kusan 1 a kowace shekara 10 ta rayuwa, kuma mata sun ɗan fi maza. Aiki ne mai kyau, amma babu ɗakin gwaji na Afirka a cikin takwas ɗin. Wanda ya sayi hatsi a kasuwar Sabon Gari ya san ba a karɓar awo da mudun da ba a san cikinsa ba. Wancan ƙirgen ma ke nan, balle sababbin awon tsawo da rassa, waɗanda sai an tara musu nasu ma'aunin daga tushe. Tunda yanzu ake yanka wannan mudu, yanzu ne ya kamata fatarmu ta shiga.

Ina ganin Zariya tana da abin da ake buƙata don wannan. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika, ga masana sassan jiki da na cututtuka, ga ɗaliban kwamfuta da za su iya aikin zanen jijiya. Ga kuma cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta a Saye, inda lalacewar jijiyar fata ita ce karatun yau da kullum. Ƙwayar kuturta, wadda Armauer Hansen ya gano a Norway a 1873, tana shiga ne cikin ƙwayoyin da ke rufe jijiya, shi ya sa babbar alamarta ita ce tabo a fata wanda ba ya jin taɓi. Yatsun da ke gutsurewa, kamar yadda likita Paul Brand ya nuna a Vellore ta Indiya, yawanci rashin jin zafi ne ke jawo su: mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, ya ci gaba da taka ciwon. Maganin tarin fuka na isoniazid shi ma yakan taɓa jijiya, abin da ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Ba sai an mallaki madubi mafi tsada kafin a fara ba. Ƙirgen yanki uku da madubi na yau da kullum ake yin sa, abin da yake so shi ne rini mai kyau, da firjin da ba ya mutuwa, da mai ƙirga mai haƙuri. Yana kuma son amana, domin neman mai lafiya ya ba da gutsuren fatarsa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ba ta manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Sai an yi wa mutum bayani da harshensa, ya yarda don kansa, a kuma gaya masa cewa wurin zai bar ɗan tabo.

Abin da ya sa awon ya cancanci wahalarsa shi ne zaren nan suna iya sake tohowa. Barkono ne ya koya wa masana haka. Sinadarin da ke ba shi yaji yana kunna wata ƙofa a jikin sirarun jijiyoyi, wadda zafin da ya kai digiri 43 ma yake kunnawa. David Julius ne ya gano ta a 1997, kuma yana cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2021. Da Kawu ya ce ƙafarsa kamar an goga barkono, bai san ya kira jijiyoyin da sunansu ba. In aka manna wannan sinadari mai ƙarfi a fata, zaren ɓawon sama sukan janye, bayan makonni su fara dawowa. A Johns Hopkins an yi amfani da wannan aka auna saurin dawowarsu, aka ga ya fi jinkiri a jikin masu ciwon sukari, har da waɗanda ba su fara jin komai a ƙafa ba. A Jami'ar Utah kuma, a 2006, an ba da rahoton cewa mutanen da sukarinsu ya fara hawa, bayan shekara guda ta gyaran abinci da motsa jiki, yawan zarensu ya ƙaru. Sabon toho siriri ne, yana karkace-karkace, ya fi sauƙin gani in ana kallon dukan ginin.

Shi Kawu ba a taɓa ciro masa fata ba. Bayan kamar shekara biyu zafin ya lafa, ya ce alhamdu lillahi ya warke, mu ma muka taya shi murna. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, matarsa ta ga jini a tabarma. Aka juya takalmin, ƙaramar ƙusa ce ta ɓullo ta ciki, ya yi tafiya a kanta zuwa da dawowa. Na ce, "Kawu, ba ku ji ba?" Ya ce, "Ko kaɗan." Zafin ya tafi ne don masu kawo labarinsa sun ƙare. Likitan da ya duba shi ya ciro wani ɗan sili na roba wanda ke lanƙwasawa in nauyin giram 10 ya hau kansa, ya ce, "Baba, ku rufe ido, in kun ji na taɓa ku ce e." Ya dangwala a babban yatsa, ya dangwala a tudun tafin ƙafa. Kawu yana zaune ido rufe yana jira a fara. Ciwon ya ci wata biyu kafin ya rufe. Yanzu kullum bayan isha'i jikarsa ke riƙe tocila ta duba masa tsakanin yatsu da dunduniya, ta shafa masa man kaɗanya, kuma ba ya sa takalmi sai ya zura hannu ciki.

Kwanan baya na same shi a zaure na nuna masa a waya hoton jijiyoyin fata irin mai juyawa, kore shar a kan baƙi. Ya ajiye allura, ya gyara tabarau, ya sa yatsa yana bin zare ɗaya har inda ya rabu uku. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsaya a wani gefe da babu komai, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ce, "Matso mini da nan. Wannan filin, asu ne ya ci, ko tun farko ba a ɗinka wurin ba?"